Yadda na samu lasisin ATPL na helikwafta na Turai da lasisina na Najeriya

Wani ƙanena a wurin aiki, wanda muka shekara biyu muna jigilar ma'aikatan mai daga Fatakwal zuwa cikin teku, ya kira ni bayan sallar isha'i. Ya ce, "Kyaftin, so nake in canza lasisina zuwa na Turai. Wane fom ake cikewa?" Na ce masa ya bar maganar fom tukuna, ya ɗauko logbuk ɗinsa, wato littafin da matuƙi ke rubuta awoyin tashinsa, ya ƙirga mini awoyin da ya tashi da dare. Sai na ji shiru. Ni ma irin shirun da na yi ke nan ranar da aka fara yi mini wannan tambaya. Amsar da na ba shi ta yi tsawo ga waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kalmar "canzawa" ita ce take yaudarar mutane. Ba kamar canjin kuɗi ba ne, ka miƙa naira a ba ka yuro. Lasisinka na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, yana nan a hannunka, babu mai karɓe shi, na Turai kuma sabo ne fil za ka nema. Alfarmar da ake yi maka guda ce: idan kana riƙe da ATPL, wato lasisin matuƙi mafi girma, na wata ƙasa da ke bin ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, awoyinka sun cika ma'aunin Turai, kuma izinin nau'in jirgin da za a gwada ka a kai yana da rai a lasisinka, to ana iya yafe maka zaman makaranta. Jarrabawa kuwa ko ɗaya ba a yafewa. Tushen abin yana cikin yarjejeniyar Shikago ta 1944: ƙasar da ta yi wa jirgi rajista ita ce za ta ba matuƙinsa lasisi, ko ta sa hannu ta amince da wanda yake da shi. Jirgi mai lamba 5N na NCAA ne. In ka ga LN na Norway ne, PH na Holan, G na Birtaniya. Akwai ƙasashen da suka yi yarjejeniya a tsakaninsu suka sauƙaƙa wa juna, kamar Amurka da Kanada, ko Ostireliya da New Zealand. Babu irin wannan tsakanin Najeriya da Turai.

Za ka ji wasu suna maganar takardar amincewa ta wucin gadi, wadda ake manna wa lasisinka na gida. Akwai ta, amma ba ta wuce shekara ɗaya, sau ɗaya kuma ake tsawaita ta. Ta dace da wanda kamfani ya riga ya ɗauka yana gaggawar sa shi aiki. Mai niyyar zama ba zai dogara da ita ba.

Kafin ka kashe ko sisi, ka san inda za ka. Tun ƙarshen 2020 Birtaniya ta fita daga EASA, hukumar kiyaye lafiyar sufurin jiragen sama ta Tarayyar Turai, daga ƙarshen 2022 kuma ta daina karɓar lasisin EASA a kan jiragenta. Wanda ke hangen Aberdeen lasisin hukumar Birtaniya yake buƙata. Wanda ke hangen Stavanger ko Bergen a Norway, ko Esbjerg a Denmark, ko Den Helder a Holan, na EASA yake buƙata. Teku ɗaya ne, Tekun Arewa, rijiyoyin mai kusa da juna, amma lasisi biyu, jarrabawa biyu, gwajin lafiya biyu. Na EASA yana aiki a ƙasashe 31: na Tarayyar Turai 27, da Norway, Switzerland, Iceland da Liechtenstein. Sai dai ita EASA da ke Kolon ta Jamus ba ta ba kowa lasisi, doka kawai take tsarawa. Hukumar ƙasa ɗaya za ka zaɓa, ita za ta riƙe bayanan lafiyarka, ita kuma za ta buga maka lasisin. Na zaɓi wadda ke amsa wasiƙa da Turanci, kuma kafin in zauna jarrabawa na aika mata da bayanin awoyina, na nemi ta rubuta mini ƙarara cewa an yafe mini zaman makaranta. Kada ka yarda da "an ce". Ka samu a rubuce, ka adana. Lasisi kuma ba takardar izinin aiki ba ne. Maganar biza da izinin zama daban ce, kuma kamfanonin Tekun Arewa sun fi son wanda ya riga ya mallake su.

Yanzu logbuk, wanda nan ne ainihin dukiyarka, nan ne kuma mutanenmu suka fi yin tuntuɓe.

Turai na son awa 1,000 a helikwafta. Wannan ba ya ba kowa tsoro, duk kyaftin ɗin da ke aikin teku ya wuce nan tuntuni. Abin dubawa shi ne yadda aka kasa awoyin. Ana son 350 a aikin matuƙa biyu. Ana son 250 a matsayin shugaban jirgi, ko kuma 100 kana shugaba da 150 kana shugabanci ƙarƙashin kulawar kyaftin, abin da muke rubutawa PICUS. Ana son 200 na dogon zango, 100 daga ciki kana shugaba ko PICUS. Ana son 30 na tuƙi da na'urori kaɗai, kuma kada na ƙasa a ciki, wato na simuleta, na'urar da ke kwaikwayon jirgi, su wuce 10. Sai dare: awa 100. Simuleta tana shiga lissafin 1,000 ɗin, amma iyakarta awa 100.

Daren nan shi ya kama ni. Ma'aunin ICAO na ATPL ɗin helikwafta awa 50 ne, Turai ta ninka shi. Aikinmu a yankin Neja Delta kuwa na rana ne, mu tashi da sassafe mu dawo kafin magariba. Dare sai jiran kiran gaggawa na ɗauko majinyaci, sai atisayen sauka kan dandamalin haƙar mai. Ina da awa sama da 3,000 a lokacin, amma da na zauna da biro na tattara na dare sai suka tsaya a 71. Awa 29 ɗin da suka rage sai da suka ci mini wata goma sha huɗu. Na riƙa karɓar jiran dare da abokan aiki ke gudu, har matata ta fara tambaya ko wani laifi na yi aka maida ni mai gadi. Da na ƙirga tun farko, da na tara su a hankali, ba sai na tashi neman lasisi ina zaman jiran duhu ba.

Akwai wani abu game da awoyin matuƙa biyu. Jirgina AW139 ne, kuma takardar ƙirarsa ta yarda mutum ɗaya ya tuƙa shi. Saboda haka ganin AW139 a logbuk bai isa hujjar cewa ku biyu kuka yi aiki bisa tilas ba. Ka karɓi wasiƙa daga shugaban matuƙa na kowane kamfani da ka yi wa aiki, a kan takardar kamfani mai tambari, tana cewa littafin aikinsu ya wajabta matuƙa biyu, tana kuma faɗin awoyinka. Awoyin PICUS kuma kowanne sai da sa hannun kyaftin ɗin da kuka tashi tare. Na yi sakaci da wannan ina ƙaramin matuƙi. Da na tashi nema, wani kyaftin ya yi ritaya ya koma ƙasarsu, wani Allah ya yi masa rasuwa. Awoyin da ba sa hannu haka na zubar da su, na ci sa'a dai na shugabanci sun ishe ni. Kai da kake mataimaki yanzu, ka miƙa littafin a sa maka hannu tun ba a kashe injin ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai suna. Wannan matsalar tamu ce mu 'yan Arewa. Fasfo ya ce Muhammad, lasisi ya ce Mohammed, takardar makarantar tuƙi ta ce Muhammed, wani wurin an sa sunan gari a matsayin sunan mahaifi. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Ma'aikaciyar da ke duba takardunka a Turai ba ta sani ba, kuma ba aikinta ba ne ta yi hasashe. Ka daidaita komai da abin da ke cikin fasfo, harafi da harafi, har ranar haihuwa. Hukumar da ka zaɓa za ta nemi NCAA ta tabbatar mata cewa lasisinka na gaske ne, yana da rai, babu wani hukunci a kansa. Ka nemi wannan tabbaci a kan lokaci, amma ka tambayi tsawon ransa, don kada ya tsufa kafin ka kai ga buƙatarsa.

Gwajin lafiya ka yi shi kafin ka sayi littafi ko ɗaya. Na san wanda ya ci jarrabawa tara sannan likita ya tsayar da shi. Na farko, mai daraja ta ɗaya, ba kowane likitan jirgi ke yin sa ba, sai cibiyar da EASA ta amince da ita, kuma wanda kake sabuntawa a Legas ba ya tsaya maka. Kwana guda cur za ka yi ana juya ka: awon zuciya, ji, numfashi, jini, fitsari, ido ciki har da faifan nan masu ɗigo-ɗigo na bambance launi, da tattaunawa kan lafiyar ƙwaƙwalwa, da gwajin ƙwaya da barasa. Hawan jinin da ya zauna sama da 160 bisa 95 ba a wucewa da shi sai an daidaita. In kana shan magani ka tafi da sunansa da rahoton likitanka, in AS ne kai ka tafi da takardar rukunin jininka. Kada ka ɓoye komai. Abin da ka faɗa da bakinka galibi ana samun hanyarsa, wanda aka gano da kansu kuwa shi ke rufe ƙofa. Kuma kada ka sauka daga jirgin dare ka wuce asibiti kai tsaye da kofi uku a cikinka, kamar yadda na yi. Sai da aka kwantar da ni rabin awa aka sake awo.

Jarrabawar rubutu guda 13 ce: dokar sama, sanin jikin jirgi da injinsa, na'urori, nauyi da daidaito, ƙarfin jirgi, tsara tafiya, jikin ɗan Adam da iyakarsa, yanayi, sanin hanya, sanin hanya ta rediyo, ƙa'idojin aiki, yadda jirgi ke tashi, da sadarwa. Kowace sai ka ci 75 cikin 100. Ka lura wajen rajista, don kashi biyu ne: akwai ATPL na helikwafta zalla, akwai mai haɗe da IR, wato izinin tuƙi da na'urori cikin gajimare. Aikin teku mai IR yake so. In ka yi kuskure ka ɗauki zallan, sai ka sake komawa.

Dokokin lokaci su ne abin tsoro, ba tambayoyin ba. Daga ƙarshen watan da ka fara zama, wata 18 gare ka ka gama duka. Zama shida ne iyaka, kowace takarda kuma sau huɗu. Ka saɓa ɗaya daga cikin ukun nan, duk abin da ka ci ya rushe, sai sabon lale. Dukkansu kuma ƙarƙashin hukuma ɗaya za ka rubuta su. Ga mai zama a Najeriya kowane zama tafiya ce: tikiti, masauki, hutu daga aiki, da bizar Shengen mai kwana 90 cikin 180. Na raba nawa zama huɗu, na bar biyu a ajiye saboda faɗuwa, kuma na yi amfani da ɗaya. Shawarata ka fara da masu wuya. Agogon ba ya fara tafiya sai ranar da ka fara zama, saboda haka ka yi karatun sanin hanya da yanayi da na'urori iya son ranka tukuna, sannan ka buɗe ƙofar. Wanda ya fara da sadarwa don ya ji daɗin ci, ya kunna wa kansa agogo a banza.

Sanin hanya shi ya kayar da ni, na samu 71, lamba ɗaya da awoyin darena, har na fara zarginta. Shekara da shekaru ina tashi a digiri huɗu zuwa biyar arewa da tsakiyar duniya, inda layukan taswira suke miƙe kamar kunyar gona, GPS kuma na yi mini komai. Sai ga tambaya a kan taswirar ƙuryar arewacin duniya, inda layukan ke haɗewa wuri guda, ga faifan lissafi na CRP-5 da na rabu da shi tun ina ɗalibi. Ba ilimi ne ya gagare ni ba, lokaci ne. Sai da na koma ina juya faifan nan kullum bayan asuba, tambaya ashirin da agogo a gabana, kafin hannu ya saba.

Yanayi kuma in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Mu abin da muka sani hadarin damina ne da hazon hunturu da ke rufe Kano har jirgi ya kasa sauka. Can ƙanƙara ce take kama fukafukai, da hazon teku, da iskar da ke biyo juna daga Atlantika. Wuri ɗaya na yi murmushi, inda littafin ya kawo iskar hunturunmu a jerin iskokin duniya, da bayani kamar wani abin al'ajabi. A darasin yadda jirgi ke tashi ka riƙa karanta tambaya sau biyu, ka ga ta wane ɓangare fankar sama take juyawa. Ta AW139 da jiragen Amurka tana saɓa wa hannun agogo in ka duba daga sama, ta jiragen Faransa tana bin sa, kuma amsar wace ƙafa za ka taka tana juyewa gaba ɗaya. A ƙa'idojin aiki za ka haddace cewa buɗaɗɗen teku arewa da digiri 45 a doka wuri ne mai haɗari, da lokacin da ya zama dole fasinja su sa rigar kare sanyin ruwa. Mutumin da ya saba da ruwan Bonny mai ɗumi sai ya karanta wannan da niyya.

Akwai rumbunan tambayoyi a intanet da ake biya wata-wata. Ka yi amfani da su, amma bayan littafi. Ana sabunta tambayoyin, wasu ma ba zaɓi ba ne, lamba za ka rubuta da hannunka, haddar amsa ba ta ceton kowa. Duk da an yafe mini makaranta, na biya na shiga bitar mako guda kafin zama biyu masu wuya, ban kuma yi da-na-sani ba.

Duk tsawon wannan lokaci kada ka bar aikinka, kada kuma ka bar izinin nau'in jirginka ya mutu. Alfarmar gaba ɗaya a kansa take rataye. Na ga wanda ya ajiye aiki don ya maida hankali ga karatu. Kafin ya gama izininsa ya ƙare, ba kamfanin da zai sabunta masa, sai da aljihunsa. In ka gama rubutu, ka ɗauka wata 36 gare ka ka kammala sauran, domin iyakar ran sakamakon ke nan wajen samun IR.

Gwajin Turanci ƙaramin abu ne amma dole, kuma sai a wurin da hukumarka ta yarda da shi. Mataki na 4 shekara huɗu yake yi a Turai, na 5 shida, na 6 har abada. Mu da muka yi makaranta da Turanci mukan raina shi. Ka yi magana a hankali, in ba ka ji ba ka ce a maimaita. Wannan ma yana cikin abin da ake dubawa.

Gwajin ƙarshe shi ne na tuƙi, kana kujerar kyaftin, a jirgin ko a cikakkiyar simuleta ta nau'insa. Kusan kowa simuleta yake yi, don babu mai ba ka aron AW139 ka kashe masa inji. Ni a Sesto Calende na yi, a arewacin Italiya, inda kamfanin Leonardo da ke ƙera jirgin yake da makarantarsa. Ka tabbatar da abu uku a rubuce kafin ka biya: simuletar tana da shaidar EASA mai rai, mai gwajin yana da izinin gwajin ATPL a kan nau'in, kuma hukumarka ta san da shi ta amince kafin ranar. In lasisinsa na wata ƙasar Turai ne ba taka ba, akwai sanarwar da zai aika tukuna. Ka nemo kuma wanda zai zauna maka a kujerar mataimaki. Awa ɗaya a simuleta ta fi kuɗin jarrabawar rubutu da yawa, amma ka sayi zama biyu na share fage. Tuƙin ka iya shi. Abin da ake kallo shi ne yadda kake tafiyar da abokin aikinka. Mu mun taso da girmama na gaba, mataimaki na jin nauyin ya ce wa kyaftin ya yi kuskure, kyaftin kuma ya saba yanke hukunci shi kaɗai. Can so ake ka faɗi shirinka da baki, ka tambayi ra'ayinsa, ka bar shi ya karanta jerin dubawa har ƙarshe ko da ka haddace. Inji ya mutu mini daf da tashi daga dandamali, na yi abin da ya kamata cikin daƙiƙa, amma bayan an gama abin da mai gwajin ya tsaya a kai shi ne ban gaya wa na kusa da ni dalilin da ya sa na zaɓi filin da na juya zuwa ba. Na ci, da wannan jan kunne.

Wanda zuciyarsa ke Amurka, hanyarsa ta fi gajarta. FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, na son awa 1,200 da shekara 23, jarrabawar rubutu ɗaya mai makin ci 70, da gwajin tuƙi ɗaya wanda ake fara shi da doguwar tambaya da baki. Kafin nan sai ofishinsu na Oklahoma ya tabbatar da lasisinka daga NCAA, sai kuma binciken tsaro na TSA, hukumar tsaron sufuri ta Amurka, ga baƙi. Amma lasisin FAA ba ya tuƙa jirgin Norway.

Bayan gwajin kada ka zauna, wata shida ne wa'adin miƙa takardar neman lasisi. Na haɗa fom, sakamakon 13, rahoton mai gwaji, takardar lafiya, ta Turanci, wasiƙun kamfanoni, kwafin fasfo, da shafukan logbuk da aka buga wa tambari. An dawo mini da tambaya ɗaya: jimillar wani shafi ta saɓa da ta shafin gaba da minti 40, kuskuren lissafi da na yi shekara tara baya. Na gyara da jan layi ɗaya, na sa hannu a gefe, ban goge ba, ban shafa farin ruwa ba. Bayan mako biyar lasisin ya iso, 'yar takarda mai naɗewa da ba ta cika tafin hannu ba. Daga ranar da na fara ƙirga awoyin dare zuwa ranar, shekara biyu da wata uku.

Na NCAA har yau ina sabunta shi, da gwajin lafiyarsa daban. Ƙanen nawa kuwa ya sake kira jiya da daddare. Awoyinsa na dare 58 ne, PICUS ɗinsa kusan rabi ba sa hannu, biyu daga cikin kyaftin ɗin kuma har yanzu suna Fatakwal. Na ce masa gobe da safe ya tare su a ɗakin shirin tashi da littafin a hannu.